Benen da Ake Ɗumama wa Predrag

A garinmu ba a taɓa yin ɗan da ya bar gidan ubansa ba. Wannan magana tabbatacciya ce, duk mai shakka kuma yana iya bin layinmu gida-gida ya tambaya. 'Ya'yanmu ba sa ƙaura. Aiki kawai suke zuwa yi Jamus ko Austiriya na ɗan lokaci, kafin al'amura su daidaita a nan. Shaidar haka a tsaye take, da bulo da siminti: kowane uba ya ɗora wa ɗansa bene a kan gidansa, da banɗaki da ɗakin girki da labule, wasu ma sun bar rodi a tsaye a saman rufin saboda jikoki. Mutum ba ya gina bene don wanda ba zai dawo ba. Tunda kuwa an gina, za su dawo ke nan. Na yi jami'a a Nish, na daɗe ina koyar da labarin ƙasa a sakandaren garin nan, ban kuma taɓa cin karo da hujjar da ta fi wannan tsari ba.

Babu wanda ya riƙe wannan ilimi da ƙarfi kamar Stanimir, mijin yayata Milunka. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa a masana'antar tagulla ta bakin kogi, yana sarrafa kan famfo da mahaɗin bututu, har ranar da aka sayar da masana'antar ga wani mai kishin ƙasa, shi kuma ya kwance injinan ya sayar a kilo. Ɗansu guda ne, Predrag, sana'arsa haɗa tukunyar ɗumama gida. Kafin ya tafi, shi ya yi wa gidan aiki da hannunsa: tukunya mai cin itace a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, injin tura ruwa, bututai, lagireto mai ɗumama ɗaki a ƙarƙashin kowace taga, na iyayensa a ƙasa, nasa a bene. Ya hura wuta, ya zagaya ya taɓa kowane lagireto, da sanyin shekarar ya wuce kuma ya hau bas zuwa garin Ulm na Jamus, zaman shekara biyu. 'Yarsa ta fari, wadda aka haifa a can, ta kusa gama sakandare. Idan aka miƙa mata waya tana gaishe mu da ladabi, kamar mai karanta sunan magani a jikin kwali.

Na taɓa nuna wa Stanimir garin Ulm a taswira. Na ce masa a bakin kogin Danube yake, ruwan da Predrag ya wanke hannu da shi ma ta ƙasarmu yake biyowa. Ya ce to ka gani, ba nisa.

Dokar gidan ita ce babu hannun da zai taɓa tukunyar sai na Predrag. Ba ta da wuyar kiyayewa, domin duk masu gyaran famfon garinmu suna Jamus, na ɗan lokaci.

Matsalar ta faro daga wasu abubuwa biyu da ba su kai a kalle su ba. Mafitar iska ake ce musu, 'yan kofuna ne na tagulla, kowacce ba ta wuce ƙwan kaza ba, da 'yar hula mai murɗawa a ka. Ɗaya tana kan tukunyar, ɗayar tana can ƙarshen bututun da ya hau bene, a lungun ɗakin kwanan Predrag. Aikinsu su saki iskar da ta taru a cikin bututu, su hana ruwa fita. Da suka tsufa sai aikin ya rikice musu, kamar yadda yake rikice wa ma'aikaci gab da ritaya, suka koma sakin ruwa. Ta ƙasan tana ɗiga a jikin tukunya, Yaya ta ajiye mata tsohon kwano. Ta saman kuwa a kan daɓen katakon Predrag take ɗiga, wannan kuma ba abin da za a zuba wa ido ba ne. Yaya ta ɗauki filaya ta murɗe 'yar hular tamau.

Ɗigar ta tsaya. Iskar ma ta tsaya. Ta yi ta taruwa a lagiretocin sama har ruwan zafi ya rasa hanyar hawa, ya haƙura, ya koma zagaye a ƙasa kawai. A sanyin shekarar ne na fara ganin yayata a ɗakin girki ba tare da rigar sanyi biyu ba. Yatsunta, waɗanda sanyin ƙashi ya fara lanƙwasawa, suka koma iya riƙe allura. Itacen da a da yake ƙarewa ana tsakiyar ƙanƙara ya kai su har itatuwa suka yi fure. Yaya ba ta yi karatun injiniya ba, amma ta iya kallon tarin itace. Ta gane abin da ya faru, ta ja bakinta ta yi shiru, har sanyi biyu.

Stanimir ba shi da hanyar sani, don tun da zuciyarsa ta kai shi asibiti likita ya hana shi matakala, ta sama da ta ƙasa. Sai bana, da numfashinsa ya ƙara nauyi, aka dawo da gadonsa falo, aka kuma rasa inda za a jingina shi sai lungun da bututai biyu suke bin bango su haye bene. Wata safiya ya yi miƙa, hannunsa ya sauka a kan ƙarfe.

An kira ni kafin in sha gahawa.

"Farfesa, zo nan," in ji shi. "Kai da ake biya ka san inda ake zafi da inda ake sanyi a duniya, taɓa wannan ka faɗa mini wace nahiya ce."

Na taɓa. Na ce can arewa ce, inda rana take tafiya hutun wata shida.

Bai yi dariya ba, alhali ya saba yi don ya samu damar cewa ba abin dariya ba ne. Ya ce benen yaron ya yi sanyi, danshi zai shiga bango, katifu za su yi wari, yaro zai zo da matarsa da 'ya'yansa su tarar da kabari mai labule. Ya juya ga Yaya. Ta ce ta murɗe hular ne saboda daɓen katako, wanda gaskiya ne. Ya tambaya tun yaushe. Ta ce kwanan nan, wanda shi ma gaskiya ne bisa ma'aunin lokaci na garinmu.

A ranar aka kira Predrag. Shekara da shekaru, duk abin da ya lalace a jikin tukunyar amsarsa ɗaya ce: ku bar shi sai na zo. Wannan karon ya ce zai aiko da kayan ta bas, Kawu Radenko ya ɗaura, aikin ba wuya, shi zai yi masa bayani. Kawu Radenko ni ne, mutumin da bai taɓa canza ƙwan lantarki ba tare da ya yi wa wani abu lahani ba. Stanimir ya yi nazarin dokarsa, ya yanke hukuncin cewa hannun da Predrag ya umarta hannun Predrag ne. Ya kuma fassara mana sauran: yaron ba ya son ya iso ya tarar da bene da sanyi, saboda haka Kirsimetin bana da shi za a yi. Yaya ta tashi ta ce bari ta ɗora ruwa.

Mu ba ma aika kaya ta gidan waya, direban bas ake ba wa. Ranar Asabar da safe motar Jamus takan tsaya a gidan man bakin gari, ta sauke fasinja biyu ko uku da kwalaye masu yawa. Na tarar da iyayen duk waɗanda ba su yi ƙaura ba a tsaye a wurin, cikin manyan riguna, kowa yana jiran a kira sunansa. Direban ya miƙo mini namu, ya ce in gaida maigida, wai ɗansa ya yi ƙiba.

Yaya ta riga ta ce in fara kai kwalin gidana, abin da ba ta taɓa cewa ba. A kan teburina ta yanke igiyar. Akwai gahawa, da cakulan, da man shafawa na gwiwa, da safa mai kauri. A ƙasa, cikin takardar jaridar Jamus, akwai mafitar iska guda ɗaya a kwalinta, sai wasu 'yan matosai biyu na tagulla masu zare a jiki. Na sake zazzage kwalin ina neman ta biyun. Yaya ba ta nema ba. Matar maƙerin tagulla ce, ta san matoshi idan ta gan shi. Ta zauna, ta ce in kira shi.

Mun same shi a motar aikinsa yana cin burodi.

"Kawu, ta kan tukunya kawai za ka canza," in ji shi. "Ta sama ba ta da sauran amfani. Ka zubar da ruwan benen, ka kwance bututan nan biyu daga ƙasa, ka ɗaura matosan. Shi ke nan."

Na ce shi ke nan me.

"Shi ke nan a daina ƙona daji saboda labule. Mama na jan itace da wannan gwiwar tata don a ɗumama kujerun da ba mai zama a kai. Ina ganin hannunta a waya, Kawu, ba makaho ba ne ni."

Daga nan ya faɗi sauran, a jere, kamar wanda ya daɗe yana bitar maganar shi kaɗai a mota. Sun sayi gida a wajen gari, mai ɗan lambu. Sun karɓi fasfon can, shi da yaran. Uwar matarsa tana zaune tare da su. Ba mugun ɗa ba ne Predrag, ina so a san wannan. Da mugu ne da ya ci gaba da cewa sai na zo, ba abin da zai rage masa. Na tambaye shi wa zai faɗa wa ubansa. Ya ce matosan za su faɗa masa, Baba zai fahimce su fiye da kowace magana, shi kam ya gwada da baki ya kasa.

Yaya ta karɓi wayar. Ta tambaye shi ko yana sa singileti a ciki, ko yana samun dafaffen abinci, ta yi godiyar man gwiwa. Ta ce a gaida yara. Da ta ajiye wayar ta buɗe aljihun teburin da nake zuba cokula, ta jefa matosan a ciki, ta tura shi.

"Rade, sa takalminka."

Shagon kayan famfo ɗaya ya rage a garin, mafitar iska ɗaya kuma ta rage a shagon, ba suna a jikinta, ba a san ƙasar da ta haife ta ba. Ta fi ta Jamus haske, ta fi ta rashin nauyi. Yaya ta juya mini baya lokacin biya don kada in kai hannu aljihu. A hanya na yi mata lacca, abin da na iya ke nan. Na kawo maganar itace, da gwiwarta, da yatsunta. Na ce wataƙila zuciyar Stanimir ta fi yadda muke zato ƙarfi, na ce yaron da kansa ya ba da izini, na ce babban mutum ya cancanci gaskiya. Ta bar ni har na gama, kamar yadda ɗalibaina suke yi.

"Kai ba mata, ba ɗa, sai taswira," in ji ta. "Mutumin nan an hana shi taba, an hana shi gishiri, an hana shi matakala. Idan na toshe bututun nan, me zai farka ya yi da safe?"

A ƙofar gida ta fitar da ta Jamus daga kwalinta, ta naɗe su biyun a takardar jarida ɗaya.

Stanimir ya sa tabarau ya warware takardar a kan cinyarsa. Ya ɗora ɗaya a kowane tafin hannu ya yi ta auna su. Ya duba zaren jikinsu a hasken taga, ya ƙwanƙwasa kowacce da farce ya kai kunne. Ya daɗe. Ya dubi bayan Yaya, wadda ta samu wani aiki na gaggawa a jikin labule.

"Jamusawa ba sa wasa da aiki," in ji shi a ƙarshe. Ya miƙo mini mai nauyin. "Wannan ta sama ce. Ɗayar ta ishi tsofaffi."

Ke nan ya san ba uwa ɗaya ta haife su ba. Abin da ya sani bayan wannan bai faɗa ba, ba kuma wanda ya tambaye shi.

Ranar Lahadi muka yi aikin. Ba a kwance mafitar iska tukunya na da zafi, saboda haka tun jajibiri aka bar wutar ta mutu, gidan ya wayi gari da sanyi kamar ofishin haraji. Aka naɗe Stanimir da barguna, aka ja kujerarsa zuwa bakin matakalar ɗakin ƙasa, inda ba ya ganina amma yana jin duk kuskurena. Ya ce in kashe injin tura ruwa. Ya ce in rufe bawul na shiga da na fita. Ya ce in ɗaura tiyo in rage ruwa har allurar ma'aunin ruwan ta kwanta, in kuma daina taɓa abin da ba a ce in taɓa ba, wai daga ƙarar ya ji.

Tsohuwar mafitar ta yi kore da fari, ta manne kamar an haife ta a wurin. Na sa sifana na ja, ta ƙi. Na ja da ƙarfi, ta saki gaba ɗaya, wani baƙin ruwa mai warin tsabar kuɗi ya bi hannun rigata har gwiwar hannu.

"Me ya faru, Farfesa, ka gano sabon kogi?"

Na ce e, Maigida, kuma sunanka zan sa masa, tunda shi ma ba ya jin magana.

Ya ce in goge bakin bututun da tsumma, in naɗa zaren rama a jikin sabuwar, in bi yadda zaren ƙarfen ya tafi, ba in yi masa gardama ba kamar yadda na yi wa kowace gwamnati ban kuma ci ko ɗaya ba. Ya ce in fara ɗaurawa da hannu, sifana ta zo daga baya, kuma kaɗan, tagulla ba ta son a nuna mata ƙarfi. Da na gama ya ce in hawo masa da tsohuwar. Ya karɓa, ya goge ta da gefen bargo, ya nuna mini ragowar ramar da ke jikinta, ya ce dubi naɗin yaron, ko yanzu ba ta warware ba. Ya sa ta a aljihun rigarsa.

Daga nan muka hau bene, ni da Yaya, ita da tocila da tsumma, tana hawa tana hutawa. Na daɗe rabona da wurin. Kujerun suna cikin ledar da aka sayo su da ita. Kwanukan da dangi suka tara wa Predrag na aure suna jere a kabad, ba wanda ya taɓa ganin miya. A ɗaki na biyu akwai 'yan gadaje biyu da Stanimir ya saya wa jikoki lokacin da aka ce an haife su, jikokin da yanzu sun fi ni tsawo. Ko ƙura babu. Sanyin wurin ba irin na waje ba ne, irin na coci ne ranar da ba ibada.

Ta sama ba ta yi gardama ba. Na kwance, na goge, na naɗa rama, na ɗaura ta Jamus. Saura 'yar hular. Ƙa'ida a bar ta a ɗan sake, don iska ta samu hanya. Na riƙe ta da yatsu biyu, na rage murya, na ce wa Yaya ina iya murɗe ta tamau. Sabuwar mafita an ɗaura, kowa ya ga an yi aiki, iskar ta zauna inda take, ɗumi ya zauna a ƙasa.

Ta ce bututun yana daidai kan Stanimir, da shi yake kwana da shi yake tashi.

Na ce to a rage bawul ɗin lagiretocin, a bar ruwa kaɗan ya hau, iya abin da zai ɗumama bututu.

Ta ce bututu biyu ne, mai hawa da mai saukowa, kuma ya san yadda kowanne ya kamata ya ji a hannu idan bene yana shan ɗumi da gaske. Ta ce an riga an yi masa wayo sau ɗaya a makon nan, ya kuma yi mana alherin yin shiru, ba za a ƙara ba.

Ta ba ni tocilar. Da yatsun nan nata ta kama hular, ta sassauta ta da kanta.

Na sauka na buɗe ruwa har allurar ta tashi inda Stanimir ya ce, na buɗe bawul-bawul, na kunna injin. Da na komo sama mafitar ta fara huci. Wani siririn sauti ne mai tsawo, kamar taya tana sacewa, iskar sanyi biyu tana fita ta ramin da bai kai na allura ba. Yaya tana tsaye tana kallonta.

"Tsohuwa," Stanimir ya kira daga ƙasa, "tana numfashi?"

"Tana yi, tsoho."

Aka hura wuta. Bututai suka yi ta ƙwanƙwasa a bango kamar baƙi. Mun mayar da Stanimir gadonsa, ya ɗora tafin hannunsa a kan ƙarfen ya rufe ido. Da ɗumin ya iso na gani a fuskarsa kafin ya faɗa. Ya matsar da hannun zuwa bututu na biyu ya jira, shi ma ya ɗauka. Ya ce a kawo barasar gida, wadda ita ma an hana shi, Yaya kuma ta zuba masa ba tare da ta tuna masa ba. Ya ce aikin Farfesa ba laifi, idan makaranta ta kore ni in je Jamus. Sannan ya sa aka kira Predrag, ya ce masa benenka ya yi ɗumi, ko yanzu ka shigo sai ka tuɓe riga.



"Madalla, Baba," in ji Predrag.

Washegari ya kira ni ni kaɗai ya tambayi inda matosan suke. Na ce suna cikin cokulana. Bai yi faɗa ba. Ya ce zai aiko da kuɗin itace, ya kuma aiko. Sai dai busasshen itace da rani ake sayensa, wanda ake samu a tsakiyar sanyi ɗanye ne, rabinsa hayaƙi, rabinsa kuka. Kuɗin Jamus kuma, duk ƙarfinsa, ba ya sauka ɗakin ƙasa ya zuba itace a tukunya. Tukunyar da a da ake ciyar da ita safe da yamma ta koma neman abinci kamar jariri. Ina zuwa bayan makaranta in faskara, in tara a gindin matakala, amma wuta ba ta san jadawalin darasi ba. Ɗumin da a da yake tsayawa a ƙasa ya rabu gida biyu, kuma shi ɗumi, kamar kowa, sama yake so.

Kirsimeti ta zo, Predrag bai zo ba. Stanimir ya yi wa maƙwabta bayani: lokacin sanyi ne tukwane suke lalacewa a Jamus, yaron kuma ba irin wanda zai bar mutane cikin sanyi ya tafi biki ba ne. Maƙwabtan suka gyaɗa kai, don nasu 'ya'yan ma ayyukansu ba sa barin su. Aka ɗaga zuwan zuwa Ista. Kafin nan, ba shakka, bai kamata bango ya sha danshi ba.

Wata ranar Laraba a ƙarshen Janairu na biya da maganin Stanimir daga kantin magani. Ƙanƙara ta daskare a kan hanya tun farkon mako. Falon da ɗumi daidai gwargwado, shi kuma yana barcin rana, bakinsa a buɗe. Don kada in tashe shi na wuce ta ɗakin girki, na tura ƙofar ɗan ɗakin da Yaya take kwana tun da aka mayar da gadonsa falo, da niyyar in ajiye ledar a kan teburinta.

Na ɗauka taga aka bari a buɗe. A rufe take, ƙanƙara ta yi zane a jikin gilashin ta ciki. A kan gadon akwai bargo biyu, da tsohuwar rigar sanyin Stanimir ta masana'anta, da darduma da aka ɗauko daga ƙasa aka shimfiɗa a sama. Na taɓa lagireton. An murɗe bawul ɗinsa har ƙarshe.

Na sunkuya zan buɗe, sai na ji hannunta a kan nawa. Yatsun sun kumbura, sun fi ƙarfen sanyi.

Ta ce in bar shi. Ta ce ta gwada kowace hanya: idan wannan yana a buɗe, falon ba ya ɗumi, shi kuma sai tari, na ɗakin girki ma ta rage shi rabi, murhu yana taimakawa. Na ce akwai ɗakuna huɗu a sama da ba kowa. Ta ce ta san adadinsu, ita take share su.

"Ni ina motsi, ba na ji sosai," in ji ta. "Fito, ka ja ƙofar da kyau kada sanyin ya kai wurinsa."

Na ja ƙofar. Ta ɗauki kwandon itace daga bayan murhu. Na kai hannu zan karɓa, ta ce ban iya jera wuta ba, kullum sai na shaƙe ta, in je falo in zauna, ya kusa farkawa kuma zai so ya samu wanda zai yi wa tsiya. Ta buɗe ƙofar ɗakin ƙasa, ta juya gefe saboda gwiwar, ta dafa bango, ta fara sauka.